Gadon da Ummussalma Ta Saya da Allura

Shekara ashirin da ɗoriya ina dillanci a garin Haɗeja. Na shiga gidan masu shi, na shiga gidan marasa shi, na ga abubuwan da in na buɗe baki sai aure goma ya mutu a yini ɗaya. Amma ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar buɗar kan Ummussalma ba. Ni Mairam, da mata ke tsokana wai ko a gidan makoki sai na yi ciniki, ranar nan bakina ya mutu murus. Yanzu na ajiye dillanci saboda ciwon gwiwa, kuma na sauya wa kowa suna a labarin nan har ni kaina, don haka kada wata ta ɗauki mayafi ta tafi neman gida.

Ummussalma 'yar fari ce a wurin Hajo, ƙawata tun muna 'yan mata muna kai tallan dafaffen rogo bakin kogi. Ubanta, Malam Zarami, ya rasu tana aji biyu na sakandare, ya bar musu gida mai ɗaki biyu da gonar shinkafa guda a fadama. Yarinya ce siririya, baƙa, ba ta da hayaniya. Tun tana shekara tara ta kama ɗinkin hula, kuma Allah ya ba ta hannu. Har matan garin Miga, da suke ganin a kansu aka saukar da sana'ar, in suka ga aikinta sai sun juya hular ciki da bai suna neman inda ta ɓoye ƙullin zare. Duk lokacin da ka shiga gidan za ka same ta a gindin darbejiya, kai a sunkuye, allura na shiga tana fita. Sai dai fa akwai taurin kai. In ta ce a'a, to ka tashi kawai ka kama gabanka.

Wanda ya aure ta sunansa Misbahu, mai gyaran injin ban-ruwa. Mutumin Kirikasamma ne, sana'a ce ta kawo shi gari ya kafa rumfa kusa da gada. Ban taɓa ganin hannunsa babu baƙin mai ba, ko ranar ɗaurin aurensa sai da na hango shi a ƙarƙashin farce. An ɗaura aure gab da damina, a kan cewa in Hajo ta girbe shinkafa ta yi kayan ɗaki, sai amarya ta tare da kaka.

Shinkafa ta yi kyau a shekarar, har ta fara sunkuyar da kai. Sai kogi ya cika ya tsallake. Cikin kwana biyu gonar Hajo ta zama wurin da masu kwalekwale ke jefa koma. Ko tiya ɗaya ba a ɗauka ba.

To kowa ya san gado da katifa da kwanuka na gidan amarya ne. Miji ya yi lefe ya ba da ɗaki, iyakarsa ke nan. Yarinyar da aka kai da tabarma, ko wadda aka ji dangin miji ne suka yi mata gado, ta shiga uku da gori har ta yi jika, uwarta kuwa ba ta ƙara ɗaga murya a taron mata. Kaka ta zo ta wuce, babu tarewa. Aure a ɗaure, amarya a gidansu, ango a rumfarsa yana kwana tsakanin injuna.

Ana haka sai ga saƙo daga dangin Misbahu. Yana da wata gwaggo, yayar ubansa, duk suna ce mata Gwaggo Babba, ita ce mai yanke magana a kan duk auren da za a yi a zuriyar. Aka ce in ta shiga ɗakin amarya sai ta ɗaga zanin gado, ta ƙwanƙwasa kabad, ta buɗe kwano ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗi abin da ta gani da ƙarfi. Ita ce ta aiko wai a tambayi gidan su amarya, in so suke a haɗa musu da kayan ɗakin ma su faɗa, ba abin kunya ba ne ga wanda ya saba karɓa.

Kai, jama'a! Mace ta aika wa 'yar uwarta mace wannan magana! Kwana uku Hajo tana kwance da zazzaɓi. Daga nan ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ko gaisuwar mutuwa sai da sassafe take zuwa kafin mata su taru.

Wata Laraba da hantsi Ummussalma ta yi sallama a gidana, ta bar Misbahu a zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Inna Mairam, ɗaki muke so ki haɗa mana."

Na ce, "Ku wa?"

Ta ce, "Ni da shi. Ni zan yi ɗinki, shi zai yi gyara, duk abin da muka samu mu kawo miki ki nemo mana na hannu mai kyau. Amma komai a fara sauke shi a gidanmu, da rana tsaka, maƙwabta na gani. Ranar jere a fito da shi daga ɗakin Innata. Ba na son kowa a duniya ya san ba ita ta yi ba."

Na riƙe haɓa ina kallonta. Na ce, "Ke 'yar nan, kin san abin da kike faɗa? Miji ya sa hannu a kayan ɗaki? In danginsa suka ji ai gara a ce da tabarma aka kai ki."

Sai Misbahu ya yi gyaran murya daga zaure. Ya ce, "Inna, ba za su ji ba. Ni dai matata nake so ta tare, kuma ba na son in ƙara ganin surukata tana bin bayan gida don kada ta haɗu da mutane."

Na ce to Allah ya rufa asiri. Da muka je wa Hajo da maganar ta ƙi, ta ce ita ba za ta ci guminsu ta ce nata ba ne. 'Yar ta ce, "Inna, an riga an gama." Na ce muku akwai taurin kai.

Wata goma aka yi ana wannan aiki. Ummussalma ta riƙa ɗinki tun daga sallar asuba har rana ta faɗi, ta daina zuwa ko'ina. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta, idonta ya riƙa zubar da ruwa, har sai da aka kai ta aka ba ta maganin ɗigawa. Misbahu kuwa da noman rani ya kama, duk inda inji ya tsaya tsakanin Haɗeja da Auyo yana can a kan babur. Ya daina shan shayi da ƙwai, ya koma kunu. Ni kuma na baza ido. Na samo musu kujeru biyu a gidan wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, na samo kabad mai gilashi wanda ƙofarsa ɗaya ta saki, Misbahu ya ɗaure ta. Kwanuka da kuloli ɗaiɗai na tsinto su, wannan daga nan wancan daga can, amma na zaɓi masu fure iri ɗaya yadda sai ka rantse tare aka sayo su. Labule Ummussalma ce ta ɗinka. Katifa ce kaɗai sabuwa fil a ledarta, don Misbahu ya kafe ya ce ba zai kwantar da matarsa a kan katifar wani ba.

Duk abin da ya samu, a baro ake turo shi ƙofar gidan Hajo da azahar. Ni kuma in tsaya a waje in ɗaga murya, "Hajo! Fito ga saƙonki, ki duba da kyau kada gobe ki ce na cuce ki!" Maƙwabta su leƙo. A hankali Hajo ta fara fita. Ranar da na gan ta a wani suna tana dariya har da tafa hannu, wallahi sai da na juya na share ido.

Gado ne ya gagara. Sababbin nan masu ƙyalli ba sa kamuwa, kuma ni ban yarda da su ba, in ruwa ya taɓa su kumbura suke kamar burodi a shayi. Ɗakin da Misbahu ya kama haya kuwa yana gangare ne kusa da jingar kogi, in damina ta yi nauyi sai ruwa ya leƙo tsakar gida.

Sai ga wata mata ta aiko a kira ni wani ƙauye a bayan Auyo. Sunanta Kulu. Doguwa ce, fara, ta manyanta, mai zoben azurfa a yatsu uku, irin matan da in suna magana ba sa kallon fuskarka. Ta ja ni uwar ɗaki ta saki labule. Ruwa ya cinye musu shinkafa shekara biyu a jere, maigidan yana kwance da ciwon ƙafa, rumbu babu ko ƙwaya. Ba ta faɗa mini haka ba, ni na gani da idona: murhu a sanyaye da rana tsaka, jikoki biyu na lasar kwanon jiya. Abin da ta ce kawai, "Na gaji da gadon nan ne, zan sake wani."

Na ce, "Haka ne, Hajiya, ai ana sakewa."

Gado ne na gaske, katakon maɗaci, mutum huɗu ke ɗaga shi. Abu ɗaya ne daban a jikinsa. Saboda ruwa yana shigar musu ɗaki, maigidan ya taɓa sa mai walda ya yi wa ƙafafun huɗu takalmin ƙarfe, ya ƙara musu tsayi fiye da taƙi guda. Gajeriyar mace sai ta yi tsalle take hawa. Muka daidaita. Ta kama hannuna ta matse har zobenta ya shige mini nama, ta ce, "Ko facalata ba ta sani ba. In na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke ne." Ranar Juma'a, maza na masallaci, aka kwance shi aka lulluɓe da bambaro a amalanke aka fito da shi.

Ga inda na yi kuskure, kuma har gobe ina cizon yatsa. Dokar dillanci ita ce ba ka sayar da kayan mace inda danginta za su gani. Kafin in kai wa amarya kaya sai na bi dangin uwa da na uba na tabbatar ba su haɗa komai da mai kayan ba. Na bi na Hajo, na bi na marigayi Malam Zarami, babu mai ko maƙwabci a Auyo. Dangin ango kuwa ban bi ba. Wa ke bin dangin ango a kan kayan ɗaki? Kuma ni a kaina duk mutanen Misbahu suna Kirikasamma.

Misbahu ya ga gado ya yi murna. Ya goge shi da samfefa, ya shafa masa sabon fenti ruwan ƙasa, Ummussalma ta lulluɓe allon kan da yadi mai laushi ta bi shi da ɗinkin hannu. Na ce a yanke ƙafafun ƙarfen nan, sun yi ƙauyanci. Ta ce, "A'a Inna, ɗakin namu ruwa na shiga. A bar su, zan yi zanin gado mai sauka har ƙasa." Shi kuwa ina zai gane gadon? Namiji ne, iyakarsa tsakar gida in ya je gaida manya, bai taɓa leƙa uwar ɗakin kowa ba.

Ranar jere na nuna musu ni tsohuwar hannu ce. Na jera kwalaye marasa komai a bayan kwanuka don jeren ya yi tudu. Na kafa madubi yana kallon kabad, kwano goma ya koma ashirin. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka turara ɗaki. Mota ta ɗauki kaya daga ƙofar gidan Hajo mata na guɗa, Hajo kuma tana cikin gida tana jin ana cewa, "Hajo ta fita kunya! Mace ɗaya, babu miji, ga ruwa ya ci gona, amma dubi!" Aka kai amarya lafiya.

Washegari da hantsi dangin ango suka zo buɗar kai. Uwa ba ta zuwa, don haka ni da ƙannen Hajo biyu muka tsaya a madadinta. Ummussalma na zaune a tsakiyar gado, an lulluɓe ta da mayafi. Ɗaki ya cika maƙil. Sai na ji ana cewa, "A ba da hanya, ga Gwaggo Babba."

Na ɗago kai. Zoben azurfa na fara gani a jikin labule.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kulu! Ashe aure ne ya kai ta Auyo tun Misbahu bai zo duniya ba. Na nemi inda zan ɓuya, babu, ɗaki ɗaya ne kuma ni ce a gaba. Ta gan ni. Ta ɗan tsaya, sannan ta kawar da kai kamar ba ta taɓa ganina ba.

Ta fara aikinta. Ta ƙwanƙwasa kabad, ta taɓa labule ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce, "Uhm." Ta buɗe kula ta rufe. Sannan ta juyo wajen gado. Ta kai hannu za ta ɗaga zanin kamar yadda ta saba, sai hannun ya tsaya a iska. Ta dubi tsayin gadon. Ta dafa shi, ta juya, ta hau ta zauna ba tare da ta duba ba, hawan wanda jikinsa ya san wurin. Na ga fuskarta ta sauya. Ta dube ni, ni kuma na dubi leda.

Da a nan abin ya tsaya, da mun rabu lafiya. Ita ba za ta faɗa ba, ni ba zan faɗa ba. To amma ta zo da facalarta, matar ƙanin mijinta, Nana Aisha. Baiwar Allah ce, ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai duk abin da ya zo mata kai sai ya fito ta baki. Gajeriya ce kuma. Ta zo za ta hau kusa da amarya, ta yi tsalle ta kasa, mata suka kwashe da dariya. Ita ma tana dariya ta ce, "Kai! Ni gado mai wannan tsayi guda ɗaya na sani a duniya, na Yaya Kulu!" Sai ta sunkuya ta yaye zanin.

Ga ƙafafun ƙarfe nan, ga tabon walda.

Ta ce, "Lah! Yaya, ai shi ne! Wallahi shi ne! Ga inda mai waldan ya karkace, har maigidanki ya yi masa faɗa. Yaya, gadonki ne! To ke a kan me kike kwana? Shi ya sa kika daina barin mu shiga uwar ɗaki?"

Ɗaki ya yi tsit. Mai guɗa ta bar baki a buɗe. Ƙannen Hajo suka dube ni, don su ma ba su san komai ba. Mata suka dubi Kulu, suka dube ni, kowa ya san sana'ata, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Na ga lissafin yana shiga idanunsu ɗaya bayan ɗaya: Gwaggo Babba, mai ɗaga zanin gadon 'ya'yan mutane, yunwa ta sa ta sayar da gadon aurenta a ɓoye. Wata daga baya har ta fara cewa, "Au, ashe..." ta yi shiru.

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a gabana cikin minti ɗaya ba sai ranar. Hannun Kulu mai zobba yana kan katifa yana karkarwa. Ni kuwa da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na nemi ƙarya guda ɗaya tak a cikin kaina, ƙaryar dillanci da nake yi sau goma kafin azahar, na rasa.

Ku lura da kyau. A wannan lokacin asirin Hajo bai tonu ba. Iyaka a ce ta sayi gado na hannu a wurin dillaliya, kuma wannan rabin matan ɗakin sun yi. Ta dai saya, da kuɗinta a ganinsu. Kunyar duka a kan Kulu take. Amarya ba ta magana ranar buɗar kai, ba wanda zai ce mata don me. Shiru kawai za ta yi, matar da ta kwantar da uwarta da zazzaɓi ta sha abin da ta dafa. Ni Mairam, Allah ya gani, a cikin tsorona har da wani ɗan sanyi da na ji a rai.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi, a hankali amma kowa ya ji.

"Gwaggo ce ta ba ni."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce a raina, ke! Ke 'yar nan, me kika yi?

Ta ƙara cewa, "Da ta ji ruwa ya ci gonarmu, ta aiko da shi ta hannun Inna Mairam, ta ce kada a faɗa wa kowa. Gwaggo, ki yi haƙuri an ji. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Wayyo! Ɗaki ya ɗauki salati da kabbara. Nana Aisha ta fashe da kuka ta rungume Kulu tana cewa, "Yaya, ashe haka kike? Kika kwana a ƙasa don 'yar mutane?" Mai guɗa ta rangaɗa. Aka yi ta sa wa Kulu albarka. Ita kuwa tana zaune ƙiƙam, ta juya tana kallon mayafin nan kamar tana son ta ga abin da ke cikinsa. Can ta ce, da wata murya da ba tata ba, "Ai ba komai. Ɗa na kowa ne a wurina." Ƙannen Hajo kuwa suka sunkuyar da kai, ɗaya ta ja mayafi ta fita.

Da ɗaki ya sarara na matsa kusa da amarya, raina a ɓace. Na ce, "Wata goma, Ummussalma! Idonki, yatsanki, kunun da yaron nan ya sha! Duk don kada a ce dangin miji sun yi miki gado, yau ke da bakinki kin ce sun yi? Kin san abin da kika yi wa uwarki?"

Ta ɗaga mayafin. Fuskarta sharkaf da hawaye. Ta ce, "Na sani, Inna. Gwaggo tana kusa da ni, gadon har girgiza yake don rawar jikinta. Irin rawar da Innata ta yi ranar da aka kawo saƙon nan. Na kasa."

Na ce, "To ai ita ce ta aiko saƙon!"

Ta ce, "Na sani."

Ban jira la'asar ba na tafi gidan Hajo, don gara ta ji a bakina. Na same ta ta yi wanka ta ɗaura atamfarta ta fita, ta shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiya, ga goro ga alewa a faranti, tana jiran masu zuwa yi mata barka. Na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta dubi farantin. Sannan ta ce, "Da bakinta ta faɗa?" Na ce da bakinta. Ta ce, "A gaban kowa?" Na ce a gaban kowa. Ta tashi ta naɗe tabarma ɗaya ta jingine, ta bar ɗaya. Ta ce, "To, Mairam, yadda yarinyar nan ta faɗa, haka aka yi. Kada ki mai da ita maƙaryaciya a gidan miji."

Masu barka sun zo, amma ba yawa, kuma barkar ta sauya. "Allah ya haɗa ki da surukan arziki, Hajo." "Ai kin huta, wasu da tabarma suke kaiwa." Ta amsa kowacce.

Na ɗauka Kulu za ta zo ko ta aiko, ko da a ɓoye, ta ce wa yarinyar nan ta gode. Ina! Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Sai ma na fara jin labarin yana dawo mini daga Auyo da ƙari. Wai har katifa ta haɗa. Wai da kujeru.

Bayan shekara Ummussalma ta dawo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji, aka yi suna a gidan Hajo. Tsakar gida ta cika da mata har zaure. Ina zaune kusa da Hajo muna rabon tuwo sai ga Kulu da tawagarta. Aka miƙa mata jariri. Ta ɗaga shi sama ta juya shi, ta ce da ƙarfi yadda har na bakin ƙofa za su ji, "Kai, wannan nawa ne gaba da baya! Ba don ni ba da a kan tabarma za a same shi. Ko ba haka ba, Hajo?"

Mata suka yi dariya. Wasu suka dubi Hajo ta gefen ido.

Jini ya hau mini kai. Na ajiye mara, na dafa ƙasa zan miƙe, na rantse a raina yau sai na faɗi ranar, da amalanken, da bambaron, da murhun da na gani a sanyaye. Sai na ji Hajo ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danne da dukkan ƙarfinta. Ban san tana da wannan ƙarfin ba.

Ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna a gaban mata fiye da hamsin a cikin gidanta, ta ce, "Haka ne, Gwaggo. Mun gode. Allah ya bar zumunci."

Sannan ta ɗauki marar da na ajiye ta sa mini a hannu, ta ce in zuba wa baƙin Auyo, in cika musu kwano, sun taho daga nesa.